Katin Awon Yaro: Daga Imesi-Ile Zuwa Sabo

Jawabin Kwamitin Lafiya a taron ƙungiya



 

An ba kwamitin lafiya ɗan lokaci ya yi magana a kan lafiyar mata da ƙananan yara. Da muka zauna sai muka ga in muka ce za mu jero cututtuka da magungunansu, to kun riga kun sha ji a rediyo. Saboda haka muka zaɓi abu guda, watau katin nan mai layi-layi da ake bai wa mai jego a asibiti, wanda a gidaje da yawa yana ƙarƙashin katifa ko a ƙasan kwalla, a wani gidan ma an yi fifita da shi har ya yage. Muna so mu faɗi inda ya fito, da irin aikin da aka yi kafin a same shi, da dalilin da ya sa mu mazauna kurmi muka fi kowa bukatar riƙe shi.

Bincike a kan lafiya iri biyu ne. Akwai wanda masu takarda za su zo rana ɗaya su ƙirga, su yi tambaya, su tafi. Akwai kuma wanda za a ɗauki mutane a rubuta sunayensu, a yi ta bin su wata da watanni, shekara da shekaru, a ga abin da ya sami kowannensu. Mutanen kara za su fi saurin gane bambancin. Dillali yakan dubi saniya sau ɗaya, ya taɓa tozo, ya dubi haƙori, ya yi mata kuɗi. Amma makiyayin da aka haife ta a hannunsa shi ya san wace damina ta rame, me ta ci, wace cuta ta taɓa kama uwarta. To irin binciken makiyayin nan shi ne zancenmu na yau.

Katin nan a nan ƙasar Yarbawa aka ƙirƙiro shi, a wani ƙauye da ke kan tudu ana ce masa Imesi-Ile, a ƙasar Ijesha, cikin Jihar Osun ta yanzu. Masu zuwa sayen goro wajen Ilesha sun san yankin. A 1956 wani likitan yara ɗan Ingila, Dokta David Morley, ya zo aiki asibitin mishan na Wesley Guild da ke Ilesha. Ya tarar da abin da kakanninmu ma suka sani a arewa: mace ta haifi takwas ta binne huɗu. A Imesi-Ile a lokacin fiye da yara 4 cikin kowane 10 ba sa kai shekara biyar. Shi kuwa likita a asibiti ƙarshen labari kawai yake gani, an kawo yaro ya kumbura, gashi ya yi ja, ko yana suma, ya yi abin da zai iya, a kawo wani. Sai ya ce bari ya koma ya ga farkon labarin.

Shi da wata nas mai suna Margaret Woodland, wadda ta zauna a cikin ƙauyen, suka fara rubuta duk yaron da aka haifa tun daga 1957, har suka tara yara kimanin 400. Kowane wata a ɗora yaro a sikeli, a rubuta nauyinsa, a rubuta ciwon da ya yi, da abin da yake ci, da ranar da aka yaye shi, da ranar da uwarsa ta sake samun ciki. Haka aka bi su har suka kai shekara biyar. Babu wata na'ura mai tsada a cikin aikin nan, jama'a. Sikeli ne da fensir da haƙuri, da kuma yardar matan ƙauyen, waɗanda suka riƙa kawo 'ya'yansu ba fashi.

Abu na farko da aka gano shi ne yaro a watannin farko, yana kan nonon uwa, yakan yi ta hawa lafiya lau. Matsala takan fara ne bayan wata shida, lokacin da nono kaɗai ya daina isa, aka fara ba shi koko tsararo wanda ruwa ya fi yawa a ciki, ya kuma fara rarrafe yana kai komai baki. Na biyu, wanda shi ne ya haifi katin, an ga cewa yaron da zai kumbura da tamowa ba dare ɗaya abin ke faɗo masa ba. Wata uku, wata huɗu, har fiye, nauyinsa yakan tsaya cik, alhali ido bai ga komai ba. Uwar tana ganinsa kullum, ba za ta lura ba, kamar yadda mutum ba ya ganin girman ɗansa sai baƙo ya zo ya faɗa. Amma sikeli yana gani. In an kama abin a wannan lokaci, ƙarin abinci da ɗan manja ko ƙuli-ƙuli a cikin kunu da maganin zazzaɓi sun isa. In an bari sai ya kumbura, to sai gadon asibiti, wani lokaci ma gadon bai isa ba.

Sa'an nan ƙyanda. Likitocin Ingila a lokacin suna ɗaukar ta ƙaramin ciwo ne na 'yan makaranta, a kwanta mako guda a tashi. Rubutun Imesi-Ile ya nuna cewa a nan tana kama yara tun suna goye, da yawa kafin su kai shekara biyu, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda ta kama sukan zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsu ko fiye. Ku dubi yaro mai kilo 8 ya zubar da kusan kilo guda cikin 'yan kwanaki, bakinsa duk gyambo ba ya iya tsotso, ga zawo ya biyo baya. Da yawa daga cikin masu kumburi, in aka duba takardarsu, sai a ga ƙyanda ce ta fara kayar da su makonni kafin nan. Wato mutuwar da ake cewa ta yunwa ce, ko ta tari, asalinta baƙon dauro ne da kowa ya riga ya manta ya zo ya wuce. Mai ƙirgar rana ɗaya ba zai taɓa ganin wannan ba, domin a ranar da ya zo ƙurajen sun riga sun baje.

Wannan ne ya sa da aka samu allurar rigakafin ƙyanda a Amurka, Morley ya nemi a kawo ta nan, aka gwada ta a Ilesha da Imesi-Ile a farkon shekarun 1960, tare da Dokta Samuel Katz, ɗaya daga cikin waɗanda suka haɗa ta. Allurar da ake yi wa 'ya'yanmu a wata tara, a kuma maimaita a wata goma sha biyar, tana da tarihi a ƙasar da muke zaune. Kuma tunda mun zo nan, bari mu faɗa wa iyayenmu mata, da girmamawa: al'adar nan ta kulle mai ƙyanda a ɗaki, a hana shi nama da ƙwai, a ce kada a kai shi asibiti wai allura za ta mayar da ita ciki, ita ce ke ƙarasa yaro. A lokacin ne ya fi bukatar abinci da ruwa, kuma akwai ƙwayar bitamin A da ake ba shi a asibiti don kada idonsa ya lalace.

To yanzu katin kansa. Dabara biyu aka sa a ciki. Ta farko, gidajen da ke ƙasan katin ana fara cika su ne daga watan da aka haifi yaro, saboda haka duk ranar da aka kawo shi nas ba ta bukatar tambayar shekarunsa, balle a shiga lissafin an haife shi kafin Sallah ko bayan Sallah. Ta ɗiga nauyinsa a kan watan, ta ja layi ta haɗa da ɗigon baya. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya ganin layi yana hawa, ko ya kwanta, ko ya gangara. Abin dubawa shi ne inda layin ya dosa. Yaro ƙarami wanda layinsa ke hawa ya fi kwanciyar hankali a kan ƙato wanda layinsa ya kwanta wata uku.

Dabara ta biyu ita ce aka ce katin na uwa ne. A sa mata a leda ta tafi da shi gida. Ma'aikatan asibiti da yawa ba su so haka ba, suna cewa matan ƙauye za su ɓatar. Da aka gwada sai aka ga uwaye sun fi ɗakin ajiyar fayil na asibiti iya adana shi. Ba a kuma ɓata sa'o'i ana neman fayil, kuma duk asibitin da uwa ta je, tarihin ɗanta yana hannunta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A kan wannan aka gina asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar, inda nas-nas 'yan ƙasa ke duba yara kowace rana, mai lafiya da maras lafiya a layi ɗaya, a yi awo, a yi rigakafi, a ba da magani, a yi hira da uwa a zama guda. Cikin shekara goma mutuwar yara a Imesi-Ile ta faɗi warwas. Da wani likita, Nicholas Cunningham, ya kwatanta garin da maƙwabcinsa Oke-Mesi, inda babu irin wannan asibiti, ya tarar mutuwar yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu a Imesi-Ile ba ta kai rabin ta maƙwabtan ba. Morley ya koma Ingila a 1961, ya buga littafinsa a kan lafiyar yara a ƙasashe masu tasowa a 1973, katin ya bazu duniya. A 1982 hukumar UNICEF ta sa awon yara cikin manyan abubuwa huɗu na ceton yara, tare da ruwan gishiri da sukari, da shayar da nono, da rigakafi. Shi Morley ya rasu a 2009.

Layukan da ke kan katin yanzu kuwa daga wani dogon binciken suka fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara fiye da 8,000 tsakanin 1997 da 2003 a ƙasashe shida: Gana, Indiya, Oman, Burazil, Nowe da Amurka, ta fitar da sakamako a 2006. Yaran Ankara da suka samu nono da abinci da tsabta sun yi girma daidai da yaran Nowe. Saboda haka mai cewa ai mu ƙananan iri ne a gidanmu, ko ma'aunin Turawa ne, ya sake tunani.

Amma gaskiya ɗaya: awo kaɗai ba ya warkar da kowa. A asibitoci da dama yanzu an mayar da abin al'ada, a rataya yaro a sikeli yana tsala ihu, a ɗiga, a miƙo kati, a kira na gaba, babu wanda ya ce uffan. Wannan ɓata lokacin uwa ne. A Imesi-Ile ɗigon mafarin magana ne. Saboda haka in an miƙo miki kati, ki tambaya: ya hau ko bai hau ba? In bai hau ba, me zan yi? Hakkinki ne, ba rashin kunya ba ne.

Wannan ke nan a kan yara. Su kuma uwaye, a Imesi-Ile ɗin ma an taɓa su. An riƙa ba wasu masu ciki maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, aka ga jariransu sun fi nauyi wajen haihuwa, aka buga sakamakon a 1964. Maganin da aka yi amfani da shi a lokacin ya daina aiki shi kaɗai, yanzu Fansidar ake bayarwa a wurin awo, daga wata na huɗu. Amma babban aiki a kan uwaye a gidanmu aka yi shi, a Zariya.

Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ne a Jihar Ribas, shi ma ci-rani ya kai shi arewa kamar yadda ya kawo mu kudu. A asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokan aikinsa suka rubuta kowace haihuwa daga 1976 zuwa 1979, ba tsallake, har jarirai 22,774, aka buga a 1985. Mata 238 suka rasu. Daga cikinsu 219 matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kwaso su a mota, bayan kwana biyu ko uku ana naƙuda, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama su. Matan da suka yi awo sun kusa ninka waɗancan yawa, amma 19 ne suka rasu a cikinsu. Asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, magani ɗaya. Ga masu cewa asibiti wurin mutuwa ne, wance ta je ba ta dawo ba, sai mu tambaya: yaushe aka kai ta?

Wani abin da aka gani a Zariya ya ba likitoci mamaki. 'Yan mata ƙanana masu cikin fari, waɗanda su kansu ba su gama girma ba, da aka ba su maganin zazzaɓi da na ƙarin jini a lokacin ciki, da yawansu sun ƙara tsawo kafin su haihu, kuma waɗanda suka ƙara tsawon sun fi samun sauƙin haihuwa ba tare da an yi musu aiki ba. Wannan bai mayar da cikin yarinya ƙarama abin wasa ba, har a cikin binciken su ne suka fi shan wuyar jijjiga da doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Abin da ya nuna shi ne in har ya riga ya faru, to ita ce ta fi kowa bukatar awo da wuri, ita ce kuma kunya da ɓoyon ciki suka fi hanawa zuwa. Harrison ya kuma nace a kan cewa matan da suka yi makaranta, ko da firamare ce, su da jariransu sun fi tsira.

Akwai kuma wani binciken na Zariya da ba a cika ambata ba, amma shi ya fi kama da na makiyayin da muka faɗa. Tsakanin 1969 da 1972, Farfesa Eldryd Parry da Dokta Neil Davidson sun rubuta mata 227 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa: ƙafa ta kumbura, haki, tari da dare, mace ba ta iya kwanciya sai a zaune. A lokacin sun danganta abin da yawan kunun kanwa, domin kanwa tana tara ruwa a jiki kamar gishiri, da wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, musamman a lokacin zafi. Aka yi ta bin matan nan har 1993 zuwa 1995, kusan shekara 25. Kun san yadda rayuwar mace take a wurinmu: aure ya mutu, ta koma gida, ta sake aure a wani gari, sunan da aka rubuta a asibiti ba shi ake kiranta da shi a unguwa ba. Duk da haka 31 ne kawai suka ɓace gaba ɗaya, kuma su likitocin da bakinsu suka rubuta cewa aikin ya dogara ne a kan wata mata 'yar Zariya, wadda ta riƙa shiga gida-gida tana nemo su. Daga cikin 75 da aka tabbatar sun rasu, 55 ciwon zuciya ne ko shanyewar ɓarin jiki ya kashe su. Wasu ciwon ya dawo musu a haihuwar gaba, da yawa kuma hawan jini ya same su daga baya. Wato mace ta warke, an yi arba'in, an manta, ashe jikinta bai manta ba.

Don adalci ga iyayenmu masu wankan jego, binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na ƙasar nan, wanda aka buga a 2020, ya fi ɗora laifin a kan rama da talauci da rashin makaranta da hawan jinin ciki fiye da wankan kansa. Ba mu zo mu hana kowa wanka ba. Amma a sassauta zafin ruwa, a rage kanwa, kuma mai jegon da ta kumbura tana haki a daina cewa sanyi ne ya shige ta a ƙara mata wuta. A kai ta a duba zuciyarta, kuma duk cikin da za ta sake yi ta faɗa wa likita tun ranar farko.

To, jama'a, ina mu a cikin wannan duka?

Duk binciken nan ya yiwu ne domin an san inda za a sami mutum gobe. Mu kuwa ƙafarmu ɗaya tana nan, ɗaya tana gida. Yarinya ta fara awo a nan, wata bakwai ya cika a sa ta a mota a kai ta goyon ciki Kano ko Katsina ko Sakkwato, katin awon yana nan a cikin durowa. Can ba wanda ya san an taɓa ce mata jininta ya hau, ko jininta ya yi ƙasa, ko yaron a gicciye yake. In ta tashi haihuwa, a takarda ita ma wadda ba ta yi awo ba ce, irin 219 ɗin nan na Zariya, alhali ta yi sawu biyar a asibiti. Ta haihu, a yi wa jariri allurar farko a can a ba da wani kati, ta yi arba'in ko wata uku ta dawo, katin can ya zauna wurin kaka. A nan nas ta tambaya me aka yi masa, uwa ta ce an dai yi masa allura a hannu da cinya. Ga kuma matsalar harshe, amarya sabuwar zuwa ba ta jin Yarbanci ba ta jin Turanci, an daka mata tsawa sau ɗaya ta rantse ba ta komawa. Yaron ya kai shekara biyu a yaye shi, a kai shi gida wurin kaka, daidai lokacin da binciken Imesi-Ile ya nuna layi ya fi kwanciya. Shekara biyar ɗin da ya kamata su zama layi ɗaya sun zama guntu uku a gari uku.

Ko a ƙididdigar gwamnati haka abin yake. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce a Arewa maso Yamma yara 187 cikin 1,000 ke mutuwa kafin shekara biyar, a Kudu maso Yamma kuwa 62. Yaron Sabo a cikin 62 ɗin nan ake lissafa shi, tare da 'ya'yan ma'aikatan gwamnati da malaman jami'a. In ya rasu a hannun kaka a ƙauye, ya shiga lissafin wata jihar ko bai shiga ko'ina ba. Mu da muke zuwa jana'iza a unguwar nan mun san yawan ƙananan makara da muke ɗauka, amma ba mu da takardar da za mu ajiye gaban shugaban ƙaramar hukuma mu ce ga shi, a ba mu nas mai jin Hausa, a gyara mana kwata da famfo. Wanda ya zo da lissafi shi ake saurara.

Mun san abin da wasu ke faɗa a zuci, kuma suna da hujja. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ɗacin wannan yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, kuma 'ya'yanmu ne suka shanye a dalilin haka, ƙasar nan ba ta samu takardar rabuwa da cutar ta asali ba sai 2020. Ku dubi bambancin da Imesi-Ile: can mai binciken yana zaune a gari, an san ƙofar gidanta, ita ke duba yaron in ya yi zazzaɓi da dare, kuma sakamakon yana hannun uwa a cikin leda. Na Kano sun zo, sun yi makonni, sun tattara sun tafi.

Saboda haka in ɗaliban jami'a ko likitoci suka zo unguwar nan da takarda, kamar yadda suke zuwa, kada mu rufe ƙofa, kada kuma mu buɗe ta ido rufe. Su fara zuwa fada. Su nuna takardar izini daga kwamitin da ke tantance bincike a asibitinsu, domin ƙa'idar ƙasa tun 2007 ta wajabta haka. Su yi bayani da Hausa: tambaya ce kawai, ko za a ɗebi jini, ko za a ba da magani, kuma in wani abu ya faru wa zai ɗauki nauyi. Kowace mace tana da ikon ta ce a'a, ko ta fita a tsakiya, ba tare da an hana ta magani ba. Kuma mu sa musu sharaɗi guda, su dawo nan su faɗa mana abin da suka gano.

Kafin su zo ma, akwai abin da ke hannunmu. Kwamiti yana roƙon majalisa ta amince a buɗe littafi guda a hannun shugabar mata, a riƙa rubuta duk cikin da ya kai wata huɗu da izinin mai shi, da duk haihuwa, ko a nan aka yi ko a gida, da ranar kowace allura, da duk rasuwar mai jego ko yaro da abin da aka ga ya yi sanadi. Littafin sirri ne, mata uku kaɗai za su riƙa buɗe shi, a ƙarshen shekara adadi kawai za a kawo wa taro, ba suna. In 'yar Zariya guda ta iya bin mata fiye da ɗari biyu shekara ashirin da biyar, matan unguwar nan da suka san kowane zaure ba za su kasa ba.

Ga magidanta kuma, musamman direbobi da masu fataucin shanu da goro da ke yin mako biyu ba sa gida: kafin ka tafi ka bar izini a bayyane gaban maƙwabta cewa in naƙuda ta zo ko yaro ya yi zafi a tafi asibiti ba sai an jira ka ba, ka kuma bar kuɗin mota. In za a kai matarka goyon ciki, ka raka ta awon ƙarshe ka roƙi a rubuta mata takarda mai ɗauke da awon jininta da rukunin jininta da duk abin da aka gani. Ka ɗauki hoton katin da wayarka, gaba da baya, ka tura wa wanda zai karɓe ta a can. Katin ya shiga akwati tare da kayan jariri, ya kuma dawo tare da shi. In an kai yaro yaye, katin ya bi shi.

Ranar Lahadi ta farkon wata mai zuwa, bayan La'asar, 'yan kwamiti mata za su zauna a makarantar Islamiyya da sikeli. Kowace uwa ta zo da katin duk yaron da bai kai shekara biyar ba, ko ya yage ko mai ya ɓata shi. Wadda nata ya ɓace ta zo da yaron, za a haɗa ta da mai jin Yarbanci ta raka ta asibitin sha-ka-tafi a yi mata sabo. Masu tambaya kuma, shugaba ya ce za a ba da dama bayan rahoton ma'aji.